Daga Buhun Taki Zuwa Zauren JAMB: Yadda Gida Zai Tara Wa Yaro Kalmomin Turanci

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, kuka ɗaya ake ji daga Funtuwa har Malumfashi, daga Bakori har Faskari: yaro ya ci lissafi, ya ci ilimin noma, ya ci Hausa da addini, Turanci ya riƙe masa ƙafa. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a, komai kyan sauran darussan. A jarabawar JAMB ma, cikin tambayoyi 180 da ake amsawa, 60 na Turanci ne, kuma shi kaɗai ne darasin da ba a ba kowa zaɓi a kansa. Iyaye su ɗora laifin a kan malamai, malamai su ce yaran ba sa karatu, a biya kuɗin lesin, shekara ta zagayo a koma gidan jiya.

In ka zauna da irin waɗannan yaran za ka tarar da yawansu sun san dokokin nahawu daidai gwargwado. Ƙarancin kalmomi ne ke kayar da su. A ba yaro shafi guda, kalma goma ko sha biyar su tsaya masa a maƙogwaro, ma'anar shafin gaba ɗaya ta tsere. Paul Nation, wani masanin koyar da harshe daga ƙasar Niyu Zilan, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da yawan tuntuɓe ba yana buƙatar tushen kalmomi tsakanin 8,000 da 9,000. Minti arba'in na darasi a ajin da ya cika maƙil ba zai kawo wannan adadi ba. A gida ake tara shi, kuma ba sai maigida ko uwargida sun iya Turanci ba. Ga hanyoyin.

1. A fara da abin da ke jikin buhu da kwalba.

Tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Bankin Duniya ya tallafa aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa tare da na Gusau da Gombe, takin zamani da ingantaccen iri da maganin feshi suka zama 'yan gida a wannan yanki. Kowannensu da rubutun Turanci yake shigowa, kuma ba ƙaramin Turanci ba.

Dubi kwalbar maganin ciyawa. Za ka ga “selective”, wato mai zaɓe, wanda zai kashe ciyawa ya bar masara a tsaye. Za ka ga “non-selective”, wanda ba ruwansa da tambaya, duk koren da ya sauka a kai ya tafi. Akwai “systemic”, mai bin jikin tsiro har saiwa, da “contact”, mai ƙone iya ganyen da ya taɓa. Akwai “dilute”, a surka da ruwa. “Active ingredient”, ainihin sinadarin da ke yin aikin. “Pre-harvest interval”, kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ciri amfanin gona a kai wa mutane su ci. A ledar ingantaccen iri kuma, irin su masarar SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta Samaru ta samar, ana haɗuwa da kalmomi kamar “hybrid” da “tolerant” da “resistant” da “maturity”.

Waɗannan kalmomi ba a gona suke tsayawa ba. “Dilute” tana jiran yaro a darasin kemistiri, “resistant” a bayoloji. “Systemic” kuwa, marubutan jarida na yawan ɗauko ta idan suna maganar cin hancin da ya ratsa ko'ina, kuma wanda ya ga yadda magani ke bin ciyawa har saiwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ko kamfa da muke cewa, “compound” ce bakin manoma ya lanƙwasa, kuma yaro zai sake gamuwa da ita a kimiyya da lissafin kuɗin ruwa. Manhajar WAEC ta ambaci noma da kiwo cikin fannonin da ake tambayar kalmominsu. A nan ɗan manomi ya fi ɗan birni dama, in an nuna masa.

Maigida ya kira yaro kawai: “Kai ɗan boko, zo ka gaya mini, kwana nawa suka ce a jira kafin a ciri tumatirin nan?” Yaro ya karanta, inda ya kakare ya rubuta kalmar ya je ya nemo. Manomin tumatir na Ɗanja ya san ranar da zai cira, yaro ya ƙaru da kalma uku. Sai dai abin cikin kwalbar guba ne. Kada a miƙa wa ƙaramin yaro ita a hannu. A ɗauki hoton takardar da waya, ya karanta daga nan.

2. A koya masa ɓare kalma.

Bahaushe ya san wannan dabara tun yana goye. Daga noma ya fitar da manomi, daga buɗe mabuɗi, daga karatu makaranta. Inda duk ya ji “ma” a gaba, ya san ko mai yi ne, ko abin yi, ko wurin yi. Manyan kalmomin Turanci ma da guntaye aka harhaɗa su, yawanci na Latin da Girkanci, kuma guntayen ba su da yawan da zai gagari mutum.

“Cide” a ƙarshen kalma kisa take nufi: “herbicide” mai kashe ciyawa, “insecticide” mai kashe ƙwari, “fungicide” mai kashe funfuna. Da wannan guntu kaɗai yaro zai buɗe “homicide”, kisan kai, da “suicide”, mutum ya kashe kansa, da “genocide”, kisan ƙare dangi. “Pre” kafin, “post” bayan. Wanda ya san “pre-emergence” shi ne maganin da ake fesawa kafin tsiro ya fito, “post-emergence” kuma bayan ya fito, taku ɗaya ne tsakaninsa da “postpone” da “postgraduate” da Post-UTME ɗin da yake jira. “De” a gaba takan nuna cirewa: “deworm”, ba dabba maganin tsutsar ciki, “dehydration”, ƙarewar ruwa a jiki, “deforestation”, share daji.

A gaya masa dai dabarar ba ta ci kullum. “Decide” ba ta kashe kowa. Ya ƙaddara ma'ana da guntayen, sannan ya tabbatar a ƙamus. Kuma in ya kama kalma, ya kamo ta da danginta: “produce”, “product”, “producer”, “production”, “productive”. Wahala ɗaya, kalma biyar.

3. Kalma biyar a rana, a littafi na musamman.

A saya masa littafin rubutu guda wanda ba a yin komai a ciki sai wannan. Kowace kalma abu huɗu za a rubuta mata: ita kanta, ma'anarta da Hausa, jimlar da aka tsince ta a ciki, da jimlar da yaron ya ƙirƙira da kansa a kan abin da ya sani, gonarsu ko kasuwarsu ko ƙanwarsa. Ta huɗun nan ita yara ke tsallakewa, kuma ita ce mai aikin. Kalmar da mutum bai taɓa sa wa jimla ba, baƙuwa ce har yanzu.

Biyar a rana, kwana shida a mako, mako hamsin, kalma 1,500 ke nan a shekara. Daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babba shekara shida ne, lissafin ya kai 9,000. Ba duka za su zauna ba, kowa ya san haka, amma ko rabi ne ya zauna, yaron ya yi wa sa'o'insa nisa. Mai cewa zai haddace hamsin a rana kuwa, ba ya kai mako.

4. A yi wa kalmomi tishi.

Makarantar allo ta riga boko gane cewa ƙari ba tishi ɓata lokaci ne. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya, kuma ko ya yi nisa yana komawa baya. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga binciken da ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take aukuwa, jim kaɗan bayan koyo, kuma komawa kan abu a tazarce shi ke kafa shi. A 1972 wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya mai da wannan dabarar akwatuna.

A gidanmu gwangwani uku sun isa. A yayyanka kwalin sukari ko na taliya ƙanana, a rubuta kalmar Turanci a fuska ɗaya, ma'anarta a ɗaya fuskar. Duk sabuwar kalma gwangwanin farko take shiga, shi ake dubawa kullum. Wadda yaro ya ci ta koma na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku. In ya sake cin ta ta koma na uku, na ranar Juma'a. Wadda ya faɗi, ko daga ina take, ta dawo na farko.

A nan uwa ke shigowa. Ko ba ta jin Turanci, ita za ta riƙe kwalayen: ta ɗaga masa fuskar Turanci, ita tana kallon ta Hausa, ya faɗa, ta ce ya ci ko bai ci ba. In ajami ta iya, a rubuta ma'anar da ajami. Minti goma bayan sallar isha'i, kafin barci ya ɗebe su.

5. Ƙamus biyu, kuma ɗaya ya zama na takarda.

Na farko mai fassara Turanci zuwa Hausa, kamar “Kamus na Turanci da Hausa” na Neil Skinner wanda aka daɗe ana bugawa a Zariya, ko na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990. Shi ke ba yaro inda zai dafa. Na biyu Turanci zuwa Turanci, amma wanda aka yi don masu koyo: Oxford Advanced Learner's, wanda A. S. Hornby ya faro lokacin yana koyarwa a Japan, ko na Longman, wanda ke bayyana kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi kusan 2,000. Irin waɗannan suna nuna yadda kalma ke zama cikin jimla, abin da ƙaramin ƙamus na aljihu ba ya yi. Ko tsohon bugu ne a wurin masu sayar da gwanjon littattafai, a saya. Ma'anar “interval” ba ta sauya ba.

Ƙamus na waya yana da daɗi, yana ma furta kalma a ji. A sauke irin wanda ke aiki ba intanet. Amma mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Ga rashin wuta, ga kuɗin caji, ga kuma TikTok da ke maƙale a wayar yana jiran yaro ya ɗaga ido. Idan kaka ta yi aka kai kaya kasuwar Ɗandume ko ta Bakori, a ware kuɗin ƙamus na takarda tun kafin kuɗin su watse.

6. A koyi kalma da abokan tafiyarta.

Da yawan kuskuren yaranmu Hausa ce sanye da rigar Turanci. Mu muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha wahala, mu sha iska. Bature ruwan kawai yake “drink”, magani “take” yake yi masa. Muna jin magana, mu ji wari, mu ji zafi, mu ji Larabci. Shi kowanne da kalmarsa, “hear” da “smell” da “feel” da “understand”. “Ara mini biro” ita ke haifar da “borrow me”, alhali mai karɓa ne ke “borrow”, mai bayarwa “lend” yake yi. Maganin wannan shi ne kada a rubuta kalma tsirara a littafin nan. A rubuta “apply fertilizer”, “heavy rain”, “commit a crime”, “sit an exam”, dunƙule guda, a haddace su haka.

Sai kuma kalma mai fuska fiye da ɗaya, inda masu jarabawa ke son ɗana tarko. “Yield” yawan abin da gona ta bayar ne, kuma miƙa wuya ne. “Interest” sha'awa ce, kuma kuɗin ruwa ne. “Plant” shuka ce, kuma masana'anta ce. A ƙasar auduga irin wannan, mai gidajen gurza tun zamanin Turawa da masaƙa a Funtuwa, ya kamata yaro ya san “gin” gurzar auduga ce kafin ya san sunan wata giya ce. Daga nan aka sami “ginnery”. Duk sa'ad da ya buɗe ƙamus, kada ya tsaya a ma'ana ta ɗaya. Ya karanta har ƙasa, ya zaɓi wadda ta dace da jimlar da ke gabansa.

7. Labari ɗaya, harshe biyu.

Gidan da ake jin BBC Hausa da safe ya riga ya san labarin duniya na ranar. Da dare a sa yaro ya kalli labaran ƙarfe tara na NTA, ko ya saurari na Turanci a rediyo. Tunda ya san abin da ya faru, kunnensa ba ma'ana yake kora ba, kalmomi yake kamawa: ashe ƙudurin doka shi ne “bill”, ashe hauhawar farashi ita ce “inflation”, ashe tsagaita wuta “ceasefire” ce. Aminiya da Daily Trust kamfani ɗaya ke buga su, kuma sau da yawa labari guda yana fitowa a duka biyun. Ya karanta na Hausa tukuna, sannan na Turanci. Ga mai son littafi, “Shaihu Umar” na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967. A ajiye su gefe da gefe.

8. A bar shi ya karanta labari, ko da ba na jarabawa ba ne.

Akwai iyayen da in sun ga yaro da littafin labari sai su ce wasa yake. Kuskure ne babba. Kwali da gwangwani suna gabatar da kalma, amma a cikin labari ake haɗuwa da ita sau goma a wurare daban-daban har ta zama ta mutum. Sharaɗin kawai kada littafin ya fi ƙarfinsa. Ya buɗe shafi na tsakiya ya karanta, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwashe yatsa ɗaya. In hannun ya dunƙule kafin shafin ya ƙare, a ajiye littafin sai baɗi, a nemo mai sauƙi.

A fara da waɗanda ƙasarsu tamu ce, don kada baƙuntar wuri ta haɗu da ta harshe. Cyprian Ekwensi yana da “The Passport of Mallam Ilia” na 1960, da “Burning Grass” na 1962 a kan Fulani makiyaya. Akwai “The Undesirable Element” na Mohammed Sule, 1977, da “The Stillborn” na Zaynab Alkali, 1984, wanda 'yan mata kan so. Wanda ya ɗan ƙware ya nemi “Baba of Karo”, tarihin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa, nan kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, aka buga a 1954. Kaka ma za ta so a fassara mata shi. Littafin da JAMB ke ɗorawa kuwa, kamar “The Life Changer” na Khadija Abubakar Jalli da aka yi shekaru ana yi kafin a koma “The Lekki Headmaster” a 2025, a karanta shi kansa. Taƙaitawar da ake sayarwa a bakin titi tana ba da sunayen 'yan wasa, ba ta ba da kalma ko ɗaya.

Littafi ya yi tsada, gaskiya ne. Gida biyar a unguwa kowa ya sayi ɗaya, a riƙa musaya, yaro ya karanta biyar da kuɗin guda.

Kuma kada ya tsaya duba ƙamus a kowace kalma yana cikin labari, daɗin zai gudu. Ya ja layi da fensir a ƙarƙashinta ya wuce, in babin ya ƙare ya dawo ya zaɓi biyar ɗinsa na ranar.

9. A karanta takardar kuɗi da ta magani kafin a sa hannu ko a haɗiye.

Wannan na manya ne fiye da yara. Kalmomi uku sun sha jefa manoma cikin rigima: “loan” bashi ne, sai an biya, “grant” kyauta ce, “subsidy” kuwa gwamnati ce ta ɗauke wani kaso na farashi, kai ka biya sauran. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Nuwamban 2015, wanda daga baya ya iso ga manoman shinkafa da masara da auduga na Jihar Katsina, an sha ba da rahoton cewa manoma da yawa a faɗin ƙasar sun ɗauki kayansa a matsayin rabon gwamnati. Alhali “borrowers” ɗin da ke cikin sunan, masu cin bashi take nufi.

Duk fom ɗin da ya shigo gida, a shimfiɗa shi a tabarma a bi shi layi-layi. “Collateral” jingina ce, kuma tana iya zama gonarka. “Guarantor” shi ne wanda za a kama in mai bashi ya gaza. Kada ka sa hannu a wannan gurbi don kunyar maƙwabci sai ka shirya biya. “Default” kasa biya a kan lokaci. A saƙon banki akwai “debit” da “credit” da “reversal” da “insufficient funds”, sai kuma “do not disclose” da ke biyo lambar sirri, wato kada ka gaya wa kowa, ko da ya ce daga banki yake kira. A kwalin magani akwai “dosage”, da “side effects”, da “for external use only”, na shafawa ne, ba na sha ba. Yaron da ya warware wa babansa waɗannan ya san amfanin karatunsa tun kafin ya ga takardar sakamako.

10. A gyara kunne, kuma kada a yi dariya.

Harshenmu bai raba “p” da “f” ba, bai kuma san “v” ba, shi ya sa “pull” da “full”, “copy” da “coffee”, “vote” da “boat” ke cakuɗewa. Wanda ya ji kalma ba daidai ba zai rubuta ta ba daidai ba, ya neme ta a ƙamus ya rasa. A “p” leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe. A “f” haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa. Akwai kuma haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar “b” a “debt” da “p” a “receipt”, kuma WAEC na da takarda guda sukutum a kan furuci.

Abin da ya fi kashe wa yaranmu baki dai dariya ce. Yaro ya gwada Turanci a tsakar gida, yayyensa su fashe, a laƙaba masa kuskuren ya zama sunansa har ya girma. Daga ranar ya rufe baki. Maigida ya kafa doka: a gyara, ba a tsokana.

11. A guji Turancin burga.

Akwai masu ganin iya Turanci shi ne jefo kalmar da ba wanda ya taɓa ji. Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilai daga Jihar Edo, ya yi suna da irin wannan, kuma don nishaɗi ake sauraronsa. Tafawa Ɓalewa da ake yi wa kirari da mai muryar zinare, ka saurari jawabansa, kalmomin kowa da kowa ne aka jera su da kyau. Mai duba takardar insha'i ba ya ba da maki don tsawon kalma. In aka sa ta inda ba muhallinta ba, ragewa ma yake yi.

Manyan kalmomin da ake buƙata na gaske ba su da hayaniya. A shekarar 2000 wata malama, Averil Coxhead, ta tace littattafan jami'a ta fitar da tushen kalmomi 570 da ke yawo a kowane fanni, waɗanda su kaɗai ke cin kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu: “analyse”, “assume”, “significant”, “establish”, “indicate” da makamantansu. Sunan jerin Academic Word List, kyauta ne a intanet. A buga shi a shagon kwamfuta, shafuka kaɗan ne. Ɗan aji biyu na babbar sakandare da ya cinye shi kafin ya shiga aji uku ya rage wa kansa wahalar jarabawa da ta shekarar farko a jami'a gaba ɗaya.

12. Kada a kori Hausa, kuma a yi la'akari da damina.

Wasu gidajen 'yan boko sun ɗauki salon hana yara Hausa don wai Turancinsu ya nuna. Abin da ke fitowa yawanci Ingausa ce, ba wannan ba wancan. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Yaron da ya san bambancin rance da aro da jingina a harshensa, shi zai yi saurin kama nasu na Turanci.

Game da lokaci, kowa ya san daga shuka zuwa maimai ba a ganin yaro a gida sai ya gaji liƙis. A wannan tsakanin a rage zuwa kalma biyu a rana, amma kada a daina duba gwangwani. Bayan an kai amfani gida, daga sanyi har bazara, a nan za a matsa, domin nan ne jarabawar JAMB da ta WAEC ke tunkarowa. 'Ya mace ma a raba mata aikin gida da 'yan'uwanta, minti goman nan na dare ya zama har da ita.

Ku kuma yayye da kuka gama NCE ko digiri kuna zaune a gida kuna jiran aiki, wannan naku ne. Kowannenku ya ɗauki ƙanne biyu ko uku, na gida ko na maƙwabta, ya saya musu littafin rubutu, ya yanka musu kwali, ya zauna da su daren yau.